Hukumomin Sayen Amfanin Gona a Nijeriya da Sukar Masu Ra'ayin Taƙaita Ikon Gwamnati

Gabatarwa

Manufar wannan muƙala ita ce nazarin wata mazahaba ta masana da ke ganin cewa duk gwamnatin da ta mallaki hanyar cin abincin mutum ta mallaki bakinsa. Friedrich Hayek, haifaffen Ostiriya, ya shimfiɗa wannan ra'ayi a littafinsa The Road to Serfdom na 1944. Za a auna shi a nan da tarihin hukumomin sayen amfanin gona na Nijeriya.

Kafuwar Hukumomin da Sukar Bauer

Turawan mulkin mallaka sun kafa hukumar koko a 1947, sannan ta gyaɗa da ta auduga da ta manja a 1949. Doka ta ba kowace hukuma ikon yanke farashi da fitar da amfanin zuwa ƙasashen waje ita kaɗai. Hujjar da aka bayar ita ce kare manomi daga hawa da saukar farashin duniya.

A 1954 Peter Bauer ya wallafa West African Trade, inda ya nuna cewa farashin da ake biyan manomi ya gaza na kasuwar duniya ƙwarai, rarar kuwa tana taruwa a hannun hukuma. A ganinsa wannan haraji ne a ɓoye, kuma dukiyar da aka tara haka za ta koma makamin siyasa. A shekarar ce aka miƙa hukumomin ga gwamnatocin jihohi. Binciken Kwamitin Coker na 1962 ya gano cewa an karkatar da kuɗin hukumar Jihar Yamma zuwa hidimar jam'iyyar Action Group, abin da ya gaskata tsoron Bauer.

Iyakar Wannan Ra'ayi

Sai dai tarihin bai tsaya nan ba. Gwamnatin Janar Babangida ta rushe hukumomin a 1986, ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki, manomi ya sami damar sayar wa wanda ya ga dama. Ta kuma soke Doka ta 4 ta 1984, wadda aka ɗaure 'yan jarida biyu na The Guardian da ita. Amma ta riƙe Doka ta 2, mai halatta tsare mutum ba tare da shari'a ba, ta rufe mujallar Newswatch a 1987, ta soke zaɓen 12 ga Yuni 1993.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa mazahabar ta yi daidai da ta ce ikon yanke farashi yakan zama ikon siyasa. Amma sakin kasuwa bai wadatar wajen kare 'yancin ɗan ƙasa ba. Wannan yana buƙatar kotu mai cin gashin kanta da jarida mai faɗin gaskiya, kuma dukansu ba farashin gyaɗa ke samar da su ba.