Idan Kamfani Ya Karye, Ina Makomar Mai Jari?

Tun zamanin da kakanninmu ke fataucin goro daga Salaga zuwa Kano, attajiri kan ba wa falke dukiya bisa ƙa'idar ƙirali, a raba riba gwargwadon yarjejeniya. Idan asara ta auku ba tare da sakaci ko ha'inci ba, mai dukiya ne ke ɗauka, shi kuwa falke wahalarsa ce ta tafi a banza. Wanda bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa, malaman Malikiyya sun keɓe masa babin taflisi: alƙali ya hana shi taɓa dukiyar, a sayar, a raba wa masu binsa gwargwadon haƙƙin kowa. Risalar Ibn Abi Zaid ta ba wanda ya tarar da hajarsa tana nan yadda take zaɓin ya ɗauke abinsa ko ya shiga rabo.

Wannan bambanci tsakanin mai bin bashi da abokin tarayya shi ne ya sake bayyana a Gana. Ranar 14 ga Agusta 2017 Babban Bankin Gana ya soke lasisin UT Bank da Capital Bank, aka miƙa ajiyar jama'a ga GCB Bank. A Agustan 2018 aka haɗe wasu bankuna biyar, har da uniBank da Beige Bank, aka kafa Consolidated Bank Ghana. Masu ajiya a waɗannan bankuna kuɗinsu ya tsira. Masu hannun jari kuwa, da yake doka tana ɗaukarsu a matsayin masu kamfanin, an ajiye su a ƙarshen layi, ba su da rabo sai an sallami duk mai bin bashi.

A Nuwamban 2019 hukumar kula da hada-hadar hannun jari ta soke lasisin kamfanoni 53 masu juya wa mutane kuɗi. Sai a ƙarshen 2020 gwamnati ta fara biyan wani kaso, wanda bai wuce sidi 50,000 ga mutum ɗaya ba, kuma ga waɗanda aka tantance takardunsu kaɗai. Waɗanda suka zuba kuɗi a Menzgold, da aka dakatar a Satumban 2018, ba su shiga wannan tallafi ba, domin kamfanin ba shi da lasisin irin harkar da yake yi.

Daga wannan tarihi, wanda abin ya faɗa wa yana da hanyoyi. Ya fara sanin matsayinsa: mai ajiya ne, ko mai bin bashi, ko mai hannun jari. Sannan ya kai rasit da takardar yarjejeniya da katin shaida ga wakilin da aka naɗa ya tattara kadarorin kamfanin, kafin wa'adi ya cika. Ya kuma haɗa kai da sauran waɗanda abin ya shafa, domin kuɗin lauya ya fi sauƙi idan an yi karo-karo. Idan akwai hujjar ha'inci, ana iya kai shugabannin kamfanin kotu, amma shari'a na cin shekaru. In an yi tayin biyan wani ɓangare, ya karanta sharuɗɗan ko ya sa a karanta masa kafin ya sa hannu, domin da babu gara ba daɗi.

Allah Ya umarce mu a Suratul Baƙara da rubuta bashi da kafa shaidu. Yarda da baki ta yi wa kakanninmu amfani a tsakaninsu, amma ofishin wakilin kadarori takarda yake tambaya. Kafin ku miƙa kuɗin marayu ko guzurin Hajji, ku tambayi lasisi, ku karɓi rasit, ku adana shi. Allah Ya tsare mana halaliyarmu, amin.