Da Kanada Ta Rufe Ƙofa

A zamanin yaƙin Biyetnam, gwamnatin Amurka tana kiran samari aikin soja bisa tilas. Wanda ya ƙi amsa kira, hukuncinsa yana iya kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar dala 10,000. Shi ne hukuncin da aka yanke wa Muhammad Ali a 1967, bayan an raba shi da kambunsa na dambe. Shi dai ya tsaya gida ya fuskanci shari'a, dubban samari kuwa suka tsallaka Kanada.

Abu biyu ne suka buɗe musu hanya. Ƙin shiga soja ba ya cikin laifuffukan da yarjejeniyar ƙasashen biyu ta wajabta a mayar da mai su gida. Sannan a watan Mayun 1969, ministan shige-da-fice na gwamnatin Pierre Trudeau, Allan MacEachen, ya sanar cewa ba za a hana kowa zama saboda batun soja ba, ko da daga bariki ya gudo.

To, mu ƙaddara Kanada ta ce a'a, don gudun ɓacin ran babbar abokiyar cinikinta. Da saurayin da aka juyo daga kan iyaka zaɓi uku ya rage masa: kurkuku, ko ɓuya, ko fagen da sojan Amurka fiye da 58,000 suka rasa rayukansu. Suwidin ta karɓi wasu, amma teku ne tsakani, ba kowa ke da kuɗin jirgi ba. Afuwar da Shugaba Jimmy Carter ya yi ranar 21 ga Janairun 1977 da ta riski wasu sun gama zaman kaso, wasu kuma suna kabari.

Ita ma Kanada da ta yi asara. Da yawa daga cikin masu zuwan sun yi karatun jami'a. Marubuciya Jane Jacobs ta kwashe iyalinta zuwa Toronto a 1968 don kada a ɗauki 'ya'yanta, tana kuma cikin waɗanda suka jagoranci hana babbar hanyar Spadina ratsa unguwannin birnin, aikin da aka soke a 1971.

Akan ce baƙo raɓa ne, amma da yawansu ko bayan afuwar ba su koma ba. Mu da muka tashi a zangon da wasu suka buɗe wa kakanninmu, mun san yadda baƙo kan zama ɗan gari idan mai masauki bai juya shi daga ƙofa ba.