Zanen Fuska a Ƙasar Hausa: Shaidar Asali da Ma'aunin Daraja

Zane, wanda wasu ke kira tsaga ko aska, tabo ne da wanzami ke yi wa jariri a fuska domin a san gidan da ya fito. Galibi ranar suna ake yinsa, a zama ɗaya da askin jariri. Wanzamin gidan zai buɗe zabira, ya zaro aska, ya ja layuka irin na fuskar uban yaron, sannan a goga baƙin tukunya a kan yankan don tabon ya fito raɗau idan ya warke. Wannan shi ne zanen gado. Akwai kuma na ado, irin kalangun da mata ke yi a kunci, da na magani, wanda ake yi wa yaro mai yawan laulayi ko ɗan wabi.

Kowace ƙasa da nata salon. Gobirawa suna da dogayen layuka daga gefen baki zuwa wajen kunne, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Arawan Dogon Dutsi biyu-biyu suke yi, manya, su ma daga baki zuwa kunne. Na Barebari kuwa daga sama yake gangarowa. Bille, wato layi ɗaya da ke karkatowa daga karan hanci, ya bazu a wurare da dama. Saboda haka baƙo kan shiga kasuwa a san garinsu tun bai yi sallama ba.

A zamanin yaƙe-yaƙe da harin bayi, wannan sani yana iya zama tsira ko halaka. Tun a wajajen 1615 Ahmad Baba na Tumbuktu ya ba da fatawa cewa launin fata ba ya halatta bauta, ya kuma lissafa mutanen Kano da Katsina da Gobir da Barno cikin Musulmin da bai halatta a mallake su ba. Sai dai maharin da ya kamo mutum a daji ba ya tsayawa tambayar addininsa, fuska yake dubawa. Wanda ke ɗauke da zanen da aka sani, danginsa na iya gane shi a kasuwa su fanshe shi. Wanda kuma zanensa ya nuna ƙabilar da ake yi wa kallon arna ya shiga uku, ko da yana salla. Siyasa ma takan juya ma'anar tabon. Bayan jihadin 1804 da faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, da kuma yaƙin Gawakuke na 1836 wanda bayansa Gobirawa suka kafa Tsibiri, zanen Gobir ya zama tamkar tuta: abin alfahari a wurin masu shi, abin zargi a wurin abokan gabarsu.

Inda zane ya fi fitowa a matsayin ma'aunin daraja shi ne fadar Kano a ƙarni na 19. Cucanawan sarki, wato 'ya'yan bayi da aka haifa a gidan sarauta da gandayenta, akan yi musu uku-uku, gajerun layuka uku a kowane gefen baki. Da shi ake gane wanda ya gudu, da shi kuma ake sanin cewa wannan na sarki ne, ba a taɓa shi. Manyan bayin fada masu sarautun Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sun riƙe iko da dukiyar da masu 'yanci da yawa ba su taɓa mafarkinsu ba, har talaka kan durƙusa ya gaishe su. Duk da haka, da zarar an zo maganar aure a gidajen da ke ji da asali, sai a fara duban kunci. Nan ne ƙarfin sarautar ke ƙarewa.

Turawan mulkin mallaka sun iske al'adar sun kuma yi amfani da ita wajen rarraba mutane ƙabila-ƙabila. Wani Bature mai suna Tremearne ya wallafa bayani da hotunan zanen ƙabilun Nijeriya a 1911. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta 'yanta duk yaron da aka haifa daga watan Afrilun shekarar, a 1936 kuma aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Doka ba ta goge tabo, don haka masu uku-uku suka ci gaba da yawo da shaidar matsayin da hukuma ta riga ta soke.

Daga tsakiyar ƙarni na 20 zane ya soma ja da baya. Malamai sun daɗe suna kallonsa a matsayin sauya halittar Allah, haihuwa a asibiti ta yawaita, daga baya kuma tsoron ƙanjamau da ciwon hanta ta hanyar aska ɗaya ya shiga zukata. Dokar kare haƙƙin yara ta Nijeriya ta 2003 ta haramta yi wa yaro tsaga, ko da yake sai jiha ta amince da ita take aiki a can. Abin mamaki shi ne hukunci da fuska bai tafi ba, juyawa kawai ya yi. A da marar zane ake tuhuma da rashin asali, yau mai zane ake yi wa kallon baƙauye a makaranta da wurin neman aure. A wasan barkwanci tsakanin Gobirawa da Yarbawa har yanzu tsaga ce kan gaba wajen zolaya. Wanzamai kuwa, a birane dai, aikinsu ya koma aski da kaciya da ƙaho.