Yadda Aka Gano Dabarar Miƙa Kira Daga Turke Zuwa Turke

A shekarar 1946 kamfanin AT&T ya fara wayar mota a birnin St. Louis na Amurka. Dogon turke ɗaya mai ƙarfi ne ke ɗaukar gari gaba ɗaya. Layukan rediyon ba su da yawa, kuma duk wanda mutum ya hau, ba mai taɓa shi a faɗin garin sai ya ajiye waya. Har 1976, New York duk girmanta layi 12 take da shi. Masu waya 543 ne, sama da 3,700 na jiran a ba su.

Alhali maganin yana rubuce tun 1947. Douglas Ring, injiniya a Bell Labs, ya kawo shawarar a yayyanka gari ƙananan yankuna masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, kowanne da ƙaramin turkensa marar ƙarfi. Ta haka layi ɗaya zai yi aiki a yankuna da dama masu nisa da juna ba tare da muryoyi sun cakuɗe ba. Sai dai mai mota ba tsayawa yake yi ba. In ya bar wannan yanki ya faɗa wancan, wa zai karɓi kiransa? Kuma iya ƙanƙantar yankunan, iya yawan tsallakawar.

Amos Joel, shi ma na Bell Labs, ya tsara yadda za a miƙa kira daga turke zuwa turke ba tare da ya katse ba, aka yi masa rajistar mallakar fasahar a 1972. Tokyo ta fara cin moriyar tsarin yankuna a 1979, ƙasashen arewacin Turai a 1981, Chicago a 1983.

A farko turakun ne ke auna ƙarfin sabis. Da GSM ta zo a Finland a 1991, sai aka sa wayar kanta a aikin. Tana cikin kira tana sauraren turakun maƙwabta, tana kai rahoton shida mafiya ƙarfi kusan sau biyu kowace daƙiƙa. Ba a miƙa ta sai sabon turken ya fi tsohon ƙarfi sosai, don kada wayar da ke bakin iyaka ta yi ta kai-kawo tsakanin biyun. Tsarin CDMA, wanda ya fara aiki a Hong Kong a 1995, shi kuwa kama sabon turke yake yi kafin ya saki tsohon.

Abin da ya fi burge ni a tarihin nan hukunci ne irin na sanin darajar mutane. Injiniyoyi sun yarda cewa katse wa mutum magana a tsakiya ya fi ciwo a kan a ce masa layi ya cika tun farko. Saboda haka suka keɓe wasu layuka a kowane turke domin masu shigowa da kira a kunne, ko da masu sabon kira za su ɗan jira. A ganina sun yi daidai.

Wannan gadon ne ya iso Najeriya da GSM a Agustan 2001. In kiranka ya katse kana kan hanya, sau da yawa ɗayan biyu ne: ko ba turke a gaba, ko na gaban ya cika.