Keke ne ko Babur? Nazarin Rabe-raben Keken Lantarki da Ƙayyade Gudunsa a Tudun Wadan Zariya

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta yadda Tarayyar Turai da Amurka da Sin suka rarraba keken lantarki, sannan ta auna rabe-raben da yanayin titunan Tudun Wada. Abin da ta gano shi ne, gudu da nauyi su ya kamata su raba keke da babur a nan. Feda ba ta isa shaida ba.

Gabatarwa

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, hankalin masu abin hawa ya fara karkata ga abin da ake yi wa caji. A titin Nijeriya kuwa rabon da aka saba da shi biyu ne. Keke babu lamba, babu lasisi, yaro ma hawa yake yi. Babur sai da lamba da lasisi da hular kwano, kuma ƙa'idar hanya ta ƙasa ta tsayar masa da kilomita 50 a awa cikin gari. To abin da yake da feda irin ta keke, ga totur irin na babur fa? Jemage ke nan, bai bi tsuntsu ba, bai bi dabba ba. Jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ko na KASTLEA, hukumar kula da zirga-zirgar abin hawa ta Jihar Kaduna, da ya tare shi a Ƙofar Doka, da wace ƙa'ida zai kama shi?

Yadda Wasu Suka Raba

Tarayyar Turai ta fi kowa tsanani. Ƙa'idarta mai lamba 168/2013 ta bar abin a matsayin keke idan injinsa bai wuce wat 250 ba, ba ya taimako sai mahayi yana tuƙa feda, kuma yana yanke wuta da an kai kilomita 25 a awa. Wanda yake kai 45 ƙaramin babur ne a wurinsu. Amurka ta fi sassauci: dokar tarayya ta 2002 ta amince da injin da bai kai wat 750 ba, daga baya jihar Kalifoniya ta kawo aji uku a 2015, jihohi da dama suka bi sahu. Aji na ɗaya da na biyu iyakarsu kilomita 32 a awa, sai dai na biyun yana da totur. Na uku yana kai 45.

Ma'aunin Sin shi ya fi shafar mu, domin yawancin kekunan da sassansu daga can suke fitowa. Wanda aka yi aiki da shi daga Afrilun 2019 zuwa 2025 ya tsayar da kilomita 25 a awa, wat 400, da nauyin kilo 55 har da batir. Shigar da nauyi cikin lissafi hikima ce, don wanda aka buge ba ruwansa da sunan abin da ya buge shi.

Titin Tudun Wada

Tudun Wada mashiga ce tsakanin Birni da Sabon Gari. Wanda ya fito Ƙofar Doka zai haye kogin Kubanni ta nan yake bi, haka ɗaliban harabar jami'a ta Kongo da mutanen unguwar Gyallesu. A bakin kasuwa da yamma, titi ɗaya ne ya haɗa ɗan acaɓa, mai Keke Napep, mai baro, ɗan garuwa da kurarsa, da 'yan Islamiyya da aka taso. Mai tsallaka titi a nan da kunne yake tsallakawa kafin ido. Dattijuwa ɗauke da kwanon niƙa tana jin ƙarar babur daga baya sai ta raɓe, ba ta ko waiwaya ba. Keken lantarki ba ya ba ta wannan gargaɗi. Sai dai ta ji iskarsa.

Lissafin ba shi da wuya. Mai gudun kilomita 25 yana cin kusan mita 7 a daƙiƙa, mai 45 yana cin mita 12 da rabi. Ƙarfin karo kuwa ninkuwa yake yi da gudu sau kansa, don haka na 45 ya fi na 25 sau uku da ɗoriya, nisan da birki zai ci kafin ya tsayar da shi ma haka. Shi ya sa Sanarwar Stockholm ta 2020 kan kiyaye haɗurran hanya ta nemi a tsaya kan kilomita 30 a awa duk inda masu ƙafa suke cuɗanya da abin hawa. Aji na uku na Amurka an yi shi ne da tunanin titi mai faɗi da layin keke, abin da Tudun Wada ba ta da shi.

Akwai kuma maganar bakanike, wadda dokar da aka rubuta a ofis takan manta da ita. A cikin akwatin sarrafa wutar kekuna da yawa, abin da ke riƙe gudu 'yar waya ce ko saiti a allo. Mai keke ya ce "buɗe min shi", a zare wayar, shi ke nan keken 25 ya tashi daga aji. Fedar ma a wasu ado ce kawai, gajera, maƙale a bayan ƙafa, babu mai iya tuƙa ta daga unguwar Agoro zuwa Kongo. Nijeriya ta ɗanɗana irin wannan tun da aka fara tilasta na'urar ƙayyade gudu a motocin haya a Fabrairun 2017: sa na'ura daban, tabbatar da tana aiki daban.

Matsaya

Aji biyu sun wadatar. Abin da bai wuce kilomita 25 da kilo 55 ba a bar shi keke, ko da totur, bisa sharaɗin ƙararrawa da fitila. Hana totur irin na Turai zai cuci tsoho da mai lalura ne kawai. Abin da ya haura haka, ko ake ɗaukar fasinja da shi don kuɗi, babur ne, ya yi lamba, mahayinsa ya sa hular kwano. Tantancewa ta fara daga tashar jiragen ruwa a hannun Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, tun kafin kaya su iso shago. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya kuwa a Zariya take tun 1986. Ita ya kamata ta auna ainihin gudun waɗannan kekuna tsakanin Ƙofar Doka da gadar Kubanni, ta miƙa wa Majalisar Dokokin Jihar Kaduna alƙaluman.