Hill Climb Racing: Yadda Za Ka Yi Nisa Motarka Ba Ta Kife Ba

Yau zan ɗan ajiye zancen finafinai da waƙoƙi, mu taɓo gem ɗin nan na hawan tudu, Hill Climb Racing, wanda kamfanin Fingersoft na ƙasar Finland ya fitar a 2012. Makinka shi ne nisan da ka yi, kuma abu biyu ne ke kashe wasa: mai ya ƙare, ko kan direba ya bugi ƙasa.

1. Kada ka danne totur ka ƙi saki. Gaskiya nan ne yawancin mutane ke faɗuwa. Ɗauko gudu tun daga gangara, in ka kusa kan tudu sai ka sassauta.

2. In mota ta tashi sama, totur yana ɗaga gabanta, birki kuma yana sauke shi. Da su za ka daidaita ta, ta dira kan tayoyinta.

3. Jan galan ɗin mai yana gaba da kuɗi. Kar ka tsaya kwasar tsaba mai ya ƙare maka a tsakiyar tudu.

4. Kar ka yi gaggawar sayen sabuwar mota. A ganina, ka fara zuba kuɗin a inji da tayoyin wadda kake da ita.

5. In kuɗi kake nema, buɗe filin Moon. Mota tana daɗewa a iska a can, kuma duk alkafurar da ka yi ana biyanka.

Ku gwada, sannan ku faɗa min mita nawa kuka kai.