Jaguar: Fim ɗin Bafaranshe da 'Yan Cin Ranin Kumasi

A shekarar 1954 wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch ya ɗauki ƙaramar kyamara ya bi sawun samari uku daga Ayoru, a gaɓar kogin Kwara cikin ƙasar Nijar, zuwa ƙasar da a yau ake kira Gana. Su ne Damure Zika, da Lam Ibrahim, Bafulatani makiyayi, da Illo masunci. Cin rani ne ya fitar da su, kamar dubban mutanen arewa da suka cika zangunan Kumasi, waɗanda har yau ake jin Hausar jikokinsu daga Kejetia zuwa Sofoline. Sai a 1967 fim ɗin ya fito, da sunan Jaguar, laƙabin da ake yi wa ɗan gayen birni a wancan zamani.

Kyamarar Rouch ba ta ɗaukar murya. Saboda haka sai bayan shekaru aka zaunar da Damure da Lam, suna kallon hoton kansu suna magana a kai. A nan ne zuciyar fim ɗin take. Ido yana ganin Illo yana dakon kaya a tashar jiragen ruwan Akara, yana ganin ƙura da gajiyar hanya, kunne kuwa yana jin wasa da dariya da cika baki. Babu wanda ya ce ya sha wuya. Mai kallo ne ke tsintar wuyar da kansa, kuma duk wanda ya taɓa sauraron labarin ɗan cin rani ya san irin wannan rufin asiri. A ƙarshe suka haɗu a kasuwar Kumasi suka kafa teburin koli, sannan suka koma gida, inda abin da aka tara cikin watanni ya ƙare wajen rabon tsaraba.

Da irin wannan dabara Rouch ya shirya Moi, un Noir a Abijan a 1958, inda Umaru Ganda, tsohon soja ɗan Nijar, ya ba da labarin kansa. Jean-Luc Godard ya yaba masa ƙwarai, kuma matasan masu shirya fim na Faransa sun koyi abubuwa da dama daga gare shi. Usman Sembene na Sanagal kuwa ya zargi Rouch da ire-irensa da kallon 'yan Afirka kamar ƙwari.

Rouch ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairun 2004, aka binne shi a Yamai.